Sanarwa: Haɗaɗɗiyar Sujadar Godiya ta Kaka

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji, iyayenmu maza da mata, da matasa. Da fatan kowa na lafiya da iyalinsa.

Dattawan ikilisiyoyinmu sun amince a yi sujadar godiya ta bana wuri ɗaya, ranar Lahadi ta ƙarshe a wannan wata, da ƙarfe 9 na safe, a majami'ar da ke tsakiyar ƙauyukanmu. Sauran majami'u ba za a buɗe su a ranar ba. Fastonmu ɗaya ne, yana zagaya mu mako-mako, shi ya sa muke so ko sau ɗaya a shekara mu ci Jibin Ubangiji tare.

Kowane gida ya kawo baikonsa daga abin da gona ta bayar, gwargwadon ƙarfinsa. Wanda daminar bana ba ta yi masa kyau ba, don Allah kada kunya ta zaunar da shi a gida, zuwansa muke bukata. Abin da aka tara za a raba wa gwauraye da marayu, saura a gyara rufin da ke yoyo daidai kan bencin mawaƙa.

Mawaƙa su haɗu ranar Asabar da yamma, karatunmu Zabura 65 ne. Masu abin hawa, ku tuna da tsofaffinmu da tafiya ke yi wa wuya, ku ɗauko su tun da sassafe. Wanda ya karanta ya gaya wa maƙwabcinsa marar waya.

Ubangiji ya kai mu ranar lafiya.

Naku cikin Almasihu,
Sakataren rukuni