Ɗalibanmu na ƙetare su daina ƙin gayyatar gidajen manoma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da ke karatu a ƙasashen waje, da kuma iyayen da ke ɗaukar nauyinsu, a kan wata dama da na lura yawancinmu muna barinta ta wuce. Wasu jami'o'i, ta hannun ofishin kula da ɗaliban ƙetare ko ta ƙungiyoyin sa kai, sukan haɗa baƙon ɗalibi da wani iyali a karkara, ya je ya yi hutun ƙarshen mako a gidansu, ya ci abin da suke ci, ya ga yadda suke neman na kansu. Da zarar an fitar da sanarwar, sai kowannenmu ya kawo uzuri: wani ya ce karatu ya yi masa yawa, wani ya ce yana tsoron abincinsu, wani kuma ya ce bai ƙetare teku don ya je kallon shanu ba. A ganina wannan hasara ce, domin mutum yana iya shafe shekaru tsakanin aji da ɗakin kwanansa da 'yan ƙasarsu, ya koma gida da digiri alhali bai san ƙasar da ya zauna a cikinta ba.

Ni a birnin Cork nake karatu, a kudancin Ayalan, kuma a watan Maris na sauka a gidan wani manomi mai kiwon shanun madara a arewacin gundumar Cork, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Abin da ya fara bayyana a gare ni shi ne, a gidan nan shanu ne ke tsara wa mutane lokaci. Ana tatsa sau biyu a rana, da sassafe da kuma la'asar, babu Asabar babu Lahadi, har zuwa coci da ziyarar dangi sai an duba lokacin tatsa kafin a sa su. Mai tatsa yana tsayawa ne a cikin wani dogon rami, shanu suna jere a samansa dama da hagu, ya goge hantsar kowace, ya maƙala mata kofunan inji, madarar ta bi bututu zuwa wani babban tanki da ke sanyaya ta zuwa kusan digiri 4. Bayan kwana biyu ko uku motar ƙungiyar manoma takan zo ta kwashe, direban ya ɗebi samfuri, sakamakon gwaji ya shigo wayar maigidan. Kuɗin da ake biyansa ya danganta ne da yawan maiƙo da furotin da ke cikin madarar, saboda haka tarin lita kaɗai ba ya burge kowa. Saniyar da aka yi wa allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ana yi mata alama a jiki, a ware madararta har sai wa'adin maganin ya cika, domin idan aka sami ɓurɓushinsa a cikin motar, hasarar da za ta hau kan manomin ta wuce kuɗin madararsa nesa ba kusa ba.

Na je da zaton cewa injina ne sirrin wannan sana'a, amma abin da maigidan ya fi tsayawa a kansa shi ne ciyawa da rubutu. An yayyanka gonar fegi-fegi da waya mai lantarki, shanu su ci fegi ɗaya yau, gobe a kaɗa su zuwa na gaba, ba za su dawo na farkon ba sai bayan kamar mako uku, lokacin da ya sake tofowa. Kowane mako yakan zaga gonar da ƙafa yana auna tsawon ciyawa yana rubutawa, da haka yake sanin ko abincin garken zai kai ko zai gaza tun kafin a shiga matsala. Hatta haihuwar shanun an daidaita ta da ciyawa: ana shirya barbara yadda yawancinsu za su haihu a Fabrairu da Maris, domin lokacin da nono ya fi zuba ya zo daidai da watannin Mayu da Yuni, sa'ad da ciyawa ta fi yabanya. Rarar da aka samu a lokacin ana yanke ta ɗanya, a danne, a lulluɓe da baƙar leda ta tsimu, ita ce abincin hunturu idan an shigar da dabbobi rumfa. Kowane maraƙi kuma doka ta wajabta a sa masa 'yan kunne biyu masu lamba cikin kwana 20 da haihuwarsa, a yi masa rajista a ma'aikatar noma, sannan duk shekara likitan dabbobi ya yi wa garken gwajin tarin fuka.

A teburin cin abinci ne na fahimci abubuwan da na sha karantawa a matsayin alƙaluma kawai. Motar da ke ɗaukar madara ta wata ƙungiyar gama kai ce wadda manoman da kansu suka mallaka, tsarin da Horace Plunkett, wani jagoran gyaran harkar noma a Ayalan, ya yi ta fafutukar yaɗawa, kuma masana'antar sarrafa madara ta farko a wannan tsari ta buɗe a Dromcollogher ta gundumar Limerick a 1889. Daga 1984 zuwa 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa kowace ƙasa yawan madarar da za ta samar, kuma da aka ɗage wannan ƙa'ida sai manoman Ayalan suka faɗaɗa, shanun madara suka tashi daga miliyan ɗaya da 'yan kai zuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ake samarwa waje ake fitar da shi, a matsayin man shanu da cuku da garin madara. Sai dai yawan shanu ya zo da yawan kashi, kashin kuma yana gurɓata koguna, shi ya sa daga 2024 aka rage adadin sinadarin naitirojin na takin dabbobi da aka yarda wa manoma masu izini na musamman na wuce iyakar da aka sa wa kowa, daga kilo 250 zuwa 220 a kowace hekta a yankuna da dama. A aji wannan layi ɗaya ne a littafi. A gidan nan kuwa tambaya ce mai hana barci: a rage garke ne, ko a yi hayar ƙarin fili da tsada? Haka kuma ƙidayar gonaki ta 2020 ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu gonakin ƙasar sun kai shekara 65 ko sun haura, kuma na ga abin da hakan ke nufi a fuskar uwargidan lokacin da zance ya biyo ta kan ko ɗansu da ke aiki a birni zai dawo ya karɓi gonar.

Game da uzurin abinci da ibada, wanda shi ne ya fi ƙarfi kuma ban raina shi ba, maganinsa magana ce tun kafin tafiya. Na shaida wa ofishin jami'a cewa ba na cin naman alade, ba na shan giya, kuma ina bukatar wurin yin salla, suka isar wa masu masaukina. Uwargidan ta dafa kifi da ƙwai da dankali da kayan lambu, ta tambaye ni lokutan sallata don kada su yi karo da na cin abinci, karen kiwonsu kuma dama a waje yake kwana. Ɗalibin da ya yi shiru don kunya, sannan ya je yana ture kwano, shi ne ke jefa kansa da masu gida cikin damuwa.

Akwai kuma haƙƙin da ke kan baƙo. Gidan manomi ba otal ba ne, saboda haka ya kamata mutum ya tashi lokacin da suka tashi, ya nemi a ba shi aikin da zai iya, ko da shayar da maruƙa ne ko wanke daɓen wurin tatsa, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Idan aka ce kada ya shiga wurin saniyar da ta haihu, ko ya matsa daga bayan tarakta, to ya bi, domin noma yana cikin sana'o'in da suka fi cin rayukan ma'aikata a Ayalan. Kada kuma ya ji haushi idan aka sa shi tsoma takalmansa cikin ruwan magani a ƙofar gona, mutanen nan ba su manta da cutar kofato da baki ta 2001 ba, wadda ta sa aka hallaka dubban dabbobi a gundumar Louth, har aka ɗage bikin ranar Saint Patrick, wato ranar bikin ƙasa ta Ayalan. Ta fuskar tsaro, a bi ta hannun jami'a ko sananniyar ƙungiya kawai, a bar adireshin gidan a wurin aboki, ɗalibai mata kuma suna iya neman a tura su su biyu.

Ba na cewa hutun ƙarshen mako guda zai mayar da kowa masanin kiwo, kuma ina jan kunnen wanda zai dawo yana cewa a kwafi tsarin nan sukutum a ko'ina, domin ya ginu ne a kan ruwan sama da ke sauka kusan duk shekara da yanayi marar tsananin zafi ko sanyi. Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu a ƙetare shi ne su tuntuɓi ofisoshin jami'o'insu, su tattara bayanin irin waɗannan shirye-shirye, su sanar da sababbin zuwa tun a makon farko. Wanda ke Ayalan kuma yana da zaɓin lokaci, Fabrairu zuwa Afrilu zai ga haihuwa amma masu gida ba su da sararin hira, a Mayu da Yuni kuwa rana tana da tsawo, zai ga yankan ciyawa, ya kuma sami wanda zai amsa masa tambayoyinsa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani ɗalibi,
Cork, Ayalan