Wasiƙa zuwa Kumasi: alƙalamin Baba ya faɗi

Zariya, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan sai godiya. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, ƙura ta rufe gari, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Kafin ka yi nisa da karatu, dubi rubutun nan da kyau. Da alƙalamin Baba nake yi maka shi, Allah ya jiƙansa. Na san ba ka manta da shi ba, baƙin nan mai marfin ƙarfe da yake soke shi a aljihun gaba, wanda ya hana mu ko taɓawa muna yara. Parker 45 ne, samfurin da ya fara fitowa a 1960, shekarar da aka samu 'yancin kai, kuma Baba ya saye shi yana akawu a ofishin En'e. Saura ƙiris da na rasa shi makonni uku da suka wuce, kuma tun ranar nake son in ba ka labarin, don kai kaɗai ka rage da ka san matsayinsa a wurina.

Ina zaune ina lissafin kuɗin gyaran masallacin unguwa aka yi sallama a ƙofa. Na ajiye shi a kan tebur ba marfi, na miƙe. Ban kai zaure ba na ji "ƙwas" a bayana. Ya gangaro ya faɗi a kan daɓen siminti, kuma da baki ya sauka. Da na ɗauko, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka san bakin irin wannan alƙalami a tsage yake gida biyu, kamar yadda malam yake tsaga mana na kara a makarantar allo bayan ya fiƙe. To, duka harsunan biyu sun lanƙwashe ƙasa kamar bakin aku, ɗaya ya hau kan ɗaya. Na gwada a takarda, ko ɗigo bai fito ba, sai kartar takardar yake yi.

Akwai filaya a durowa, har na ɗauko ta. Allah ya taimake ni na mayar. Daga baya na gane da na damƙi bakin da ita, da an gama, domin haƙoranta za su ci zinarin da aka yi bakin da shi, kuma abin da ya fi muni, za ta iya ɓalle kan tsinin. A ƙarshen kowane harshe akwai wani ɗan ƙwayar ƙarfe mai tauri, bai kai ƙwayar gero ba, da aka liƙa da wuta tun a masana'anta. Shi ne yake gogar takarda, shi ya sa baki yake shekara hamsin bai cinye ba. In ya fita, zinari tsura ba ya daɗewa, kuma ban san mai iya mayar da shi a garin nan ba.

Washegari na tafi Sabon Gari wurin wani dattijo mai gyaran agogo, irin waɗanda suka rage tun zamanin agogon da ake murɗawa da hannu. Ya maƙala madubin nan nasu a ido, ya daɗe yana juya alƙalamin a hasken rana bai ce uffan ba. Can ya ce, "Malam, ka yi arziki. Kan yana nan, kuma bai tsage ba. Amma aikin ba na yau kaɗai ba ne."

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ƙirar wannan samfurin. Bakin da abin da yake ɗauke da shi murɗa su ake yi su fito gaba ɗaya, sai a zare wani ɗan zobe, zinarin ya rabu da baƙar robar da ke ƙarƙashinsa, wadda tawada ke bi. Sai dai tawadar shekaru ta bushe ta riƙe komai tamau. Ya ce in je in jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, kada in yarda da ruwan zafi ko sifirit, don suna lalata robar. Da safe ruwan kofin ya koma shuɗi kamar an buɗe marina. Na daɗe ina kallonsa, ina tunanin a cikin launin nan akwai ragowar tawadar da Baba ya zuba da hannunsa.

Da na koma, ya kifa ɗan zinarin a kan wani sandan ƙarfe mai santsi, kaurinsa daidai da lanƙwasar bakin, ya ɗauki wani ƙarfen da ya goge sumul, ya riƙa murza wurin da ya tanƙware daga baya zuwa gaba, bai bari ya kai kan tsinin ba. Ba bugu, ba ja. Ya murza sau huɗu ko biyar, ya ɗaga ya duba, ya sake. Zinari mai karat 14 ne, yana da laushi, yana karɓar gyara, amma ya ce in aka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya sai ya gaji ya karye. Mun fi awa ɗaya a kan wurin da bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Masu kawo agogo suna zuwa, yana ce musu su dawo bayan azahar.

Ya miƙe, amma da muka haɗa muka sa tawada sai ta riƙa malala, tana ɓata takarda. Tsagar ta buɗe da yawa. A nan na koyi abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake rubutu da shi: dole tsagar ta riƙa tsukewa tana zuwa tsini, har ta kusa haɗewa, domin matsin ne yake jan tawadar gaba, kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Iska kuma tana shiga ta wata 'yar hanya a cikin robar ta maye gurbin abin da ya fita. Ya sake kwancewa, ya ɗan gitta harsunan a hankali, wannan kan wancan, sannan wancan kan wannan, har suka matso.

Sauran aikin ni na ƙarasa a gida, da madubin da ya ba ni aro. Yana karta idan na ja layi zuwa hagu, alamar harshe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Dare uku ina ɗaga shi da farce, kaɗan-kaɗan, ina dubawa. Dattijon ya gargaɗe ni kada in goga bakin a kan komai sai kawunan biyu sun daidaita, don abin da aka goge ba ya dawowa. Da suka zo daidai, na yago takardar buhun siminti mai tsabta, na yi ta rubuta lamba 8 a kai ba tare da dannawa ba, har kartar ta ɓace.

Ba zan ce maka ya koma yadda yake ba. In ka karkata shi a haske za ka ga ɗan tabo a zinarin, kuma layinsa ya ɗan fi na da kauri. Amma yana tafiya, ga shi kana gani.

Yanzu ga roƙona. Tawadar irinsa ta yi wuya a nan, kowa ya koma biro. Wani ya ce in zuba tawadar allo, na ƙi, don ƙaron da ke cikinta da gawayin za su toshe hanyar, haka ma ta hatimi. Kwalbar Quink, tawadar kamfanin Parker, da nake da ita ta kusa ƙasa, ga hunturu yana busar da ita. In ka shiga kantunan littattafai a Adum, ko wani naka zai je Accra, ka duba mini shuɗiya mai duhu, ko kwalba biyu ce. Ka ba direbobin goro masu zuwa Kano, zan aika a karɓo.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina jiran labarin jarrabawarsa. Mutanen gida duk suna gaishe ka. In za ka ba ni amsa, don Allah ka rubuto da hannu, na yi kewar rubutunka.

Wassalam,
Naka amini.