Me Ya Sa Rumbun Bayanai Ke Gaya Wa Linux Yadda Zai Karanta Fayil?

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a: tunda Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya iya karanta fayil da kansa, me ya kai manhajar rumbun bayanai ga tsara masa aiki? Ka ce shisshigi ne. Ni kam ban ɗauke shi haka ba.

Linux hasashe yake yi. In ya ga ana karatu a jere, sai ya riƙa ɗebo abin da ke gaba tun ba a nema ba, yawanci har kilobayit 128, ya ajiye a ƙwaƙwalwa. Amma dubi PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, yana bin fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake: shafinsa, wato gutsuren da yake karantawa a lokaci guda, kilobayit 8 ne, ya ɗauki guda nan, ya tsallaka can nesa ya ɗauki wani. Da zarar Linux ya yi zaton a jere ake tafiya, faifai ya sha wahalar banza, tarkacen da ya ɗebo kuma ya kori shafukan da ake da buƙata.

Shi kuwa rumbun, tun kafin ya taɓa faifai ya san inda za shi. To don me zai yi shiru? Wannan ne amfanin posix_fadvise, hanyar da manhaja ke ba Linux shawara kan yadda za ta karanta fayil. In rumbun ya ce SEQUENTIAL, wato a jere zai karanta, Linux ya ninka abin da yake ɗebowa. In ya ce RANDOM, wato nan da can zai karanta, Linux ya daina ɗebo na gaba, kuma haka rumbun RocksDB ke yi yayin buɗe fayilolinsa. Wanda ya fi burge ni shi ne WILLNEED. Tun sigar 8.4 ta 2009 PostgreSQL ke amfani da shi ya ce wa Linux "ga shafukan da zan nema nan gaba kaɗan", sai faifai ya fara aiki a kan da dama lokaci guda maimakon jiran ɗaya bayan ɗaya. Saitin effective_io_concurrency ke ƙayyade yawansu.

Sai dai ka kula, shawara ce kawai, Linux na iya ƙin bi. DONTNEED ma, wato "na gama da wannan shafin", ba ya sauke shafin da aka canza daga ƙwaƙwalwa har sai an rubuta shi a faifai.

Inda nake ba ka gaskiya: akwai waɗanda shawarar ba ta ishe su ba. InnoDB, injin ajiyar bayanai na rumbun MySQL, kan kewaye ma'ajiyar Linux da ke ƙwaƙwalwa da O_DIRECT, wato karatu kai tsaye daga faifai, ya riƙe tasa, don kada shafi guda ya zauna wuri biyu. Kafin ka canza ko wane saiti, auna saurin karatun da irin tambayoyin da rumbunka ke amsawa.

Wassalam.