Dariyar da kuka yi wa tsofaffinmu a shirin Lahadi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na rediyo kan tsofaffi na ranar Lahadin da ta wuce ya ɓata min rai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Baƙon da kuka gayyato ya cinye rabin lokacin yana ba mu labarin Japan, cewa kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura, ana rufe makarantu a ƙauyuka saboda babu yaran da za su shiga. Ban musa masa ko ɗaya ba. Amma da aka zo kan Nijeriya sai ya tuntsire da dariya, wai mu wannan ba damuwarmu ba ce, ƙasarmu ta yara ce, tsofaffinmu ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mai gabatarwa ya taya shi dariyar, aka tafi talla. Haba Malam!

Kashi 3 ɗin na mutum nawa ne? Mun haura miliyan 200 tun tuni. Ko ɗan firamare ka ba wa lissafin nan zai gaya maka ana maganar mutum fiye da miliyan 6. Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 mutanen ƙasar nan wajen miliyan 45 ne, kason tsofaffi kuma kusan inda yake yau yake. Kason ya tsaya cak ne saboda haihuwa tana da yawa, yaran suna rinjayar lissafin, amma adadin tsofaffin kansu ya ninka fiye da sau huɗu. Baƙonku mai digiri ne, ya san da haka. Me ya hana shi faɗa? Me kuma ya hana mai gabatarwa ya tare shi?

Ni tela ne, kuma tsofaffi biyu ne a wuyana. Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon suga, ga yanar ido da ta rufe mata ido ɗaya. Duk wata sai na zaɓa tsakanin maganinta da kuɗin makarantar yara, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin maganin bai sake sauka ba. Wani lokaci nakan tarar ta raba ƙwaya biyu tana shan rabi don ta kai ta ƙarshen wata, ba ta gaya min ba don kada ta ɗora min nauyi. Ba ta taɓa aikin gwamnati ba. Rayuwarta duka a kan surfe da ƙuli-ƙuli da kiwon awaki ta ƙare, da su ta yi mana sutura, da su ta aurar da ƙannena mata. Yau babu wani littafi na hukuma da sunanta yake ciki a matsayin wadda take bin gwamnati wani haƙƙi.

Na biyun Baffana ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ya koyar a firamare har ƙarfinsa ya ƙare. Shi yana da fansho a takarda. Idan aka kira tantancewa ni nake ɗaukarsa a babur tun da asuba, mu tarar da layi ya miƙe har bakin titi. Na ga dattijo ya yanke jiki ya faɗi a layin nan cikin rana. Na ga wanda 'ya'yansa suka kawo shi a kwance a bayan a-kori-kura don kawai a tabbatar yana numfashi. Giratutin Baffa kuwa har yau ana ce masa ya ƙara haƙuri. Waɗannan su ne kashi 3 ɗin da aka yi wa dariya a gidan rediyonku.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da baƙon ya ce ai mu Hausawa ba ma yar da iyayenmu, zumunci ya ishe mu. Wallahi ba ma yar da su, kuma Allah kada ya nuna mana ranar. Amma ya shiga ƙauyukanmu ya gani. Samari sun tafi Legas da Abuja da Fatakwal neman abin kai wa baki, wasu sun tsallaka Agadas. A wuraren da 'yan bindiga suka addaba, mai ƙafa ya gudu, tsohon da ba ya iya tafiya shi aka bari. Tsofaffin da suke bara a ƙofar masallatai ran Juma'a ba daga sama suka faɗo ba, da yawansu suna da 'ya'ya, 'ya'yan ne ba su da shi. Zumuncin da babu ko sisi a aljihunsa ba ya sayen allurar insulin.

Kuma wa ya ce masa kason zai dawwama a 3? Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2008 macen Nijeriya tana haihuwar yara 5.7 a matsakaici, a 2018 ya sauka zuwa 5.3, kuma saukar bai tsaya ba. Koriya ta Kudu a 1960 matanta suna haihuwar yara kusan 6, kamar mu. A shekarar 2000 tsofaffinta suka kai kashi 7, a 2017 suka kai 14, a ƙarshen 2024 suka kai 20. Tafiyar da ta ɗauki Faransa fiye da shekara 100, daga kashi 7 zuwa 14, su a ƙasa da shekara 20 suka yi ta. Su sun tsufa da arziki a hannu. Wannan tulin matasa da muke alfahari da su, masu acaba da masu tura baro da teloli irina, su ne tsofaffin shekara 40 masu zuwa, kuma mafi yawanmu babu wanda yake ajiye mana ko kwabo na fansho.

Da ma baƙon ya bar Japan ya duba ƙasashen Afirka. A Ghana wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya. Lesotho, ƙaramar ƙasa da ba ta da mai, tun 2004 take ba duk wanda ya kai 70 kuɗin wata. Zanzibar ta bi sahu a 2016. Ko a nan gida jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi Naira 5,000 a wata a 2011. Muna da dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, muna da manufar ƙasa kan tsufa tun 2021. Shirinku bai ambaci ko ɗaya ba, balle ya tambayi me suka tsinana wa tsohuwar da take Ɗanja ko Bakori. Shi kansa kashi 3 ɗin ƙiyasi ne, tunda rabon da a ƙidaya mu tun 2006.

Sannan a cikin awa guda cur kuna maganar tsofaffi, ba ku sa muryar tsoho ko ɗaya ba. Ko ɗaya! Ga su nan a ƙofar kowane gida, ga su a layin banki duk ƙarshen wata.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya wuce gona da iri. Ƙararsa ta ninka ta shirin, kuma kalaman da ake furtawa a ciki ba na jin su da yara a ɗaki ba ne. Mutum yana zaune da iyalinsa sai ya yi wuf ya rage murya. Ku duba wannan don Allah.

Abin da nake nema shi ne ku sake shirin nan. Ku dawo da baƙon, ku zaunar da shi da 'yan fansho biyu da tsohuwa ɗaya wadda ba ta da fansho, ku kira wani daga cibiyar dattawan ya faɗi abin da suka yi da kasafinsu. Ku buɗe layin waya tun daga farko, kada ku bari sai saura minti biyar. Zan kira, kuma zan miƙa wa Baffa wayar.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Funtuwa, jihar Katsina.