Zuwa ga ɗana, kan sana'ar wankin nan da kuka fara

Baba na,

Assalamu alaikum, ya karatu, ya abokan zama. A bakin Yayarka na ji wai kai da 'yan ɗakinku kun buɗe sana'ar wanki da guga har da sharar ɗakunan ɗalibai a hostel, ana yi muku oda ta WhatsApp. Ni ban ce neman na kai abin kunya ba ne, kuma na san abin da muke turo maka ba ya kai ƙarshen wata, ba rowa ba ce, kai ma ka san yadda gidan yake tun bayan abin da ya samu Abbanku. Amma a ce sai a bakin wani zan ji?

Wankin bai dame ni ba. Ka ware farare da masu zuba, ka ƙirga kaya a gaban mai su ka rubuta a littafi, aljihu ma shi zai laluba da hannunsa kafin ka karɓa. Bilic kuma kar ka kuskura ka haɗa shi da ruwan wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce, a bayi mara taga sai ta shaƙe mutum.

Abin da ya hana ni barci makullin nan ne. An ce har makulli suke bar muku su tafi lakca, ku shiga ku share ba kowa a ɗakin. Haba Baba na, ina hankalinka ya tafi? Ɗaki mai mutum huɗu ko shida, ga waya a caji ga laftof a ƙarƙashin filo, ranar da abu ɗaya ya ɓata wa kake jin za a fara kallo in ba mai tsintsiya ba, ko da ɗan ɗakin ne ya ɗauke, ko abokin sana'arka da ba ka san halinsa ba sai a makaranta. Ɗalibai ba sa tsayawa bincike, kafin sikiriti su iso an taru an ɗauki bidiyo, sai kwamitin ladabtarwa, sunan ɓarawo kuma ko an wanke ka ba ya fita. Kawunku har yau ba ya son a tuna masa nasa. Ban yarda ba, ban kuma yafe ka sake riƙe makullin wani ba, in mai ɗaki ba ya nan to a bar sharar.

Sannan lokacin jarabawa ne kaya za su fi yi muku yawa, don kowa ya duƙufa karatu ya tura muku dattinsa, su su wuce kai ka kwaso kariyoba. Sati biyu kafin jarabawa ka rufe karɓar kaya.

Ba faɗa nake ba, wallahi har na ɗan ji daɗi da aka ce gugarka ta fi ta kowa kyau, yaron da ko safarsa ba ya wankewa a gida. Ka je ofishin kula da ɗalibai ka tabbatar an yarda da sana'a a hostel ɗin, ka kira ni ranar Juma'a ka faɗa min abin da suka ce. Allah ya yi maka albarka.

Ummanka