Namiji ya san ƙarfen da ke yatsansa kafin ya kira shi ado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana maza a kan zobe, agogo da maɓallan hannun riga. Mafi yawanmu da ido kaɗai muke saye. Abu ya yi ƙyalli a hannun mai sayarwa, sai a biya a zura. Ba a rufa wata biyu ba yatsa ya yi kore, ko ya kama ƙaiƙayi, ko dutsen ya fita ya bar rami, sai a ce ai kayan yanzu ne ba su da aminci. Alhali tun wurin saye aka yi sake da abu biyu: sanin irin ƙarfen, da awo. Zane da fasali bayan waɗannan suke zuwa.

Azurfa tsantsa, wadda ake buga wa lamba 999, tana da laushi ƙwarai. Zoben da aka yi da ita yakan lanƙwashe in mutum ya saba ɗaukar kaya masu nauyi. Shi ya sa maƙeran fari suke garwaya ta da jan ƙarfe, kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran 7.5 jan ƙarfe. Ita ce mai hatimin 925 da ake gani a cikin zobe, kuma ita ta fi dacewa da sawa yau da gobe. Sai dai buga lamba ba wuya gare shi ba, wanda ya yi niyyar cuta zai buga ta ko a kan tagulla. Don haka a ƙara da gwaji. Maganaɗisu ba ya jan azurfa, in ya ja to baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe. In bai ja ba ma magana ba ta ƙare ba, domin tagulla ita ma ba ya jan ta. A ɗora zoben a tafin hannu a ji nauyi: azurfa ta fi tagulla mai girma ɗaya da ita nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ta kuma nunka alminiyam kusan sau huɗu. Wanda yake son ya tabbatar sai ya kai wa maƙeri ya ɗan kankare cikin zoben, inda ido ba ya gani, ya ɗiga ruwan gwaji. In jan ƙarfe ko tagulla ya leƙo daga ƙarƙashin wurin da aka kankare, ruwan azurfa aka yi masa kawai.

Akwai kuma abin da ake sayarwa da sunan azurfar Jamus. Sunan ne kawai, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da wani farin ƙarfe da ake kira nikel. Haka duk abin da aka buga wa EPNS, wannan haɗin ne aka shafe da azurfa ta hanyar lantarki. GP kuwa yana nufin ruwan gwal ne a kan wani ƙarfe, kuma a zobe ruwan daga gefen tafin hannu yake fara ci, inda ake yawan gugar ƙofa da sitiyari.

Ga Musulmi akwai batun da ya gabaci kwalliya. An haramta wa maza sa zinare, kuma zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne. Ya inganta cewa ya sa shi a ƙaramin yatsa, kuma an hana namiji sa zobe a manuniya da yatsan tsakiya. Malikiyya sun iyakance nauyinsa ga dirhami biyu, wato wajen giram 6, kuma guda ɗaya. Inda mutane da yawa suke faɗawa ba su sani ba shi ne farin gwal. A ido kamar azurfa yake, amma zinare ne aka garwaya da farin ƙarfe irin su faladiyam ko nikel, aka kuma shafe shi da wani farin ƙarfen mai suna rodiyam don ya ƙara haske. Lamba ce take tona shi: 750 na nufin karat 18, wato kashi uku cikin huɗu zinare ne, 585 karat 14, 375 karat 9. Duk farin zoben da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan lambobi zinare ne, ko mai sayarwa ya kira shi da wane suna.

Koren da zobe yake bari a yatsa jan ƙarfe ne ya haɗu da gumi. Ba ya cutarwa, sabulu yana wanke shi, amma ya nuna abin da ke cikin zoben. Ƙaiƙayi da ja da ƙananan ƙuraje daidai inda ƙarfen yake taɓa fata wani abu ne daban, galibi nikel ne jiki ya ƙi. In jiki ya fara ƙin nikel da wuya ya daina, har bayan agogo da kan bel za su riƙa tayar da shi. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta sa doka a 1994 da ta iyakance yawan nikel ɗin da kayan da ke manne da fata za su iya saki. Wasu suna shafa jan farce marar launi a cikin zoben, yana ɗan kare fata na 'yan kwanaki kafin ya goge. Maganin gaskiya a canza ƙarfe. Amma kafin a ɗora wa zobe laifi a duba ko sabulu ne yake maƙalewa a ƙarƙashinsa bayan wanke hannu, domin danshi da ragowar sabulu su ma suna cin fata, musamman ƙarƙashin zobe mai faɗi.

Sababbin ƙarafa kowanne da halinsa. Taitaniyam ba shi da nauyi, bai kai rabin azurfa ba, kuma jiki bai cika ƙin sa ba. Sitenles mai lamba 316L yana jure ruwa da gumi, ko da yake akwai nikel a cikinsa, don haka mai fata mai saurin tashi ya gwada na kwana biyu tukuna. Tangistin yana da nauyi, kuma da ƙyar wani abu yake iya karce shi, amma taurin nan ne aibinsa. In ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa, kuma ba a ƙara shi ba a rage shi. Zoben azurfa in ya matse, maƙeri zai yanka ya ƙara ya haɗe. Na tangistin in mutum ya yi ƙiba sai dai ya sayi wani.

Awo kuwa nan ne aka fi yin ganganci. Yatsa ba ya tsayawa a girma ɗaya: da sanyin safiya yana motsewa, da zafi ko bayan aiki yana kumbura. A auna da yamma, jiki ba a gajiye ba. A yanko siririyar takarda, a zagaya gindin yatsan ba tare da an ɗame ba, a sa alama inda ta haɗu, a miƙe ta a kan rula a karanta milimita. A ma'aunin da yawancin ƙasashen Turai suke bi, wannan adadin shi ne lambar zoben. A na Amurka, kewayen milimita 57 ya yi daidai da lamba 8, milimita 62 kuma lamba 10. A auna gaɓar yatsan ita ma, domin wani gaɓarsa ta fi gindin kauri, shi sai ya ɗauki tsaka-tsaki. Zoben da faɗinsa ya haura milimita 6 ya fi siriri matsewa, a ƙara masa rabin lamba a ma'aunin Amurka. Wanda ya zauna daidai yana shiga da sauƙi, yana ɗan tirjewa a gaɓa wajen fita, kuma ba ya juyawa da kansa dutsen ya koma cikin tafin hannu.

In ya maƙale kada a yi ta finciko, ƙara kumburi ake yi. A ɗaga hannun sama da kai na 'yan mintoci, a tsoma a ruwan sanyi, a shafa sabulu, a riƙa murzawa ana ja a hankali. In ya ƙi, a zura zare mai santsi ta ƙarƙashinsa, a naɗe yatsan da sauran zaren daga bakin zoben har a wuce gaɓa, sannan a riƙa warwarewa daga wancan gefen, zoben zai biyo zaren. In yatsan ya fara canza launi ko ya daina jin taɓi, a tafi asibiti a yanke zoben. Na tangistin ba a yanka shi da abin yanka zobe, matse shi ake yi da filaya mai kulle har ya fashe.

Ina jan kunnen makanikai, masu gyaran wuta da masu aiki da inji: a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara aiki. Zobe in ya haɗa kan batirin mota da jikin motar, nan take yake yin zafin da zai ƙone yatsa a zagaye. In kuma ya sarƙe a ƙusa ko bakin babbar mota mutum yana dira, nauyin jiki duka a kansa yake sauka, yana iya saɓule naman yatsan.

Dutsen zobe ma da abin lura. Aƙiƙ yana da tauri, wajen 7 a ma'aunin taurin duwatsu da ake kira Mohs, yana jure wahala. Fairuza ba ta wuce 5 zuwa 6 ba, kuma tana shan mai da turare, shi ya sa shuɗinta yake rikiɗa ya koma kore. A fesa turare, a shafa mai, hannu ya bushe, sannan a sa zobe. Ga hannun namiji mai aiki, dutsen da aka zagaye da bangon ƙarfe ya fi wanda aka riƙe da ƙananan farata, domin faratan suna kama zare, suna buɗewa kaɗan-kaɗan. A riƙa kai zoben kusa da kunne ana ƙwanƙwasa shi da farce, in an ji dutsen yana motsi lokacin gyara ya yi.

Baƙin da azurfa take yi ba shaidar jabu ba ce. Farar wuta da ke cikin iska ce take haɗuwa da ita, kuma roba da ulu suna gaggauta abin, don haka kada a ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi. A ajiye ta a busasshiyar leda mai zif. Wajen wankewa, a shimfiɗa takardar alminiyam a kwano, a zuba ruwan zafi kofi ɗaya da bekin soda babban cokali ɗaya, a sa zoben ya taɓa takardar na minti biyu zuwa biyar. Za a ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, alamar baƙin yana barin azurfar ke nan. A ɗauraye, a goge da ƙyalle mai laushi. Ban da zobe mai dutse, ban da wanda aka baƙanta ramukan zanensa da gangan, domin wankin zai kwashe adon. Man goge baki yana karce azurfa, bilic kuma ɓata ta yake yi.

Ta fuskar kyan gani, a ra'ayina zobe ɗaya da agogo sun ishi namiji, in rigar mai maɓallan hannu ce su zama na uku. Launin ƙarfen ya zo ɗaya, fari da fari. Siririn yatsa yana son zobe mai faɗin milimita 4 zuwa 6, kakkaura yana ɗaukar 8. Agogo mai faɗin milimita 38 zuwa 42 yana zama da kyau a wuyan hannun da kewayensa ya kai santimita 16 zuwa 18, sharaɗin dai kada ƙahonnin da ke riƙe maɗauri su zarce gefen hannun. A ɗaure shi yadda ƙaramin yatsa zai iya shiga ƙarƙashin maɗaurin da ƙyar, ya kuma iya shigewa cikin hannun riga ba tare da ya tokare ba. Maɓallan hannu fuskarsu waje take kallo idan hannu yana sake a gefen jiki, kuma masu sandar da ke juyawa a riƙa duba sandar, in ta saki ba a jin faɗuwarsu. Agogon da aka rubuta wa 30m kuwa, wato alamar yadda yake jure ruwa, kada a shiga wanka da shi, fantsamar ruwan wanke hannu kaɗai yake iya jurewa. Mai son yin iyo da agogonsa ya nemi mai 100m.

Na gode da fili. Wassalam.

Daga wani maƙerin fari, mai karanta wannan jarida.