Auta, kafin ki fara shiga gidajen mutane da takardar tambaya

Assalamu alaikum 'yata. Ya karatu, ya Ankara (Accra) da zafinta? Mu nan Asawase lafiya lau alhamdulillah, babanki ma ƙafar ta yi sauƙi har yana fita asuba da kanshi. Yayanki ya faɗa min malaminki na jami'ar Legon ya yarda da aikin da kika zaɓa, wai zaki bi gida gida a Nima da Mamobi kina tambayar mutane yadda suke kashe kuɗinsu da yadda zaman gidan yake. Na ji daɗi wallahi, Allah ya sa albarka. Amma tun jiya abun yake min yawo a kai shiyasa na ce bari in zauna in rubuto miki, don in na kira ki a waya kullum sauri kike.

Ki sani abun da zaki je nema asirin mutane ne. Mu mutanen zango kinsan mu, mutum ya gwammace ya kwana da yunwa ya fito da farar riga da a ce an san tukunyarshi bata hau wuta ba. To ke kuma ga ki yarinya ƙarama da biro a hannu kina cewa baba nawa kuka kashe jiya. In baki iya bakinki ba za a karɓe ki da fara'a, a baki ruwa, a cika miki takarda da abun da ba shi bane, ki koma makaranta kina murna.

Kar ki soma da tambayar nawa ake samu. Ki tambayi me ya fita. Mai saida koko da ƙosai a bakin titi bata da albashi, yau ciniki ya yi gobe ruwan sama ya kore mata mutane, uwar kuɗi da riba duk a bakin zani ɗaya suke, in kika ce mata nawa kike samu a wata ko tana son gaya miki gaskiya bata sani ba. Amma ki ce mata jiya me kika saya, zata lissafa miki tun daga gawayi har magi bata manta ko ɗaya ba. Su kansu ma'aikatar ƙididdiga ta Ghana haka suke yi, tun 1987 suke wannan babban binciken na zaman gidaje da ake kira GLSS, kuma da abun da gida ya kashe suke auna talauci, ba da abun da aka ce an samu ba. A zagayen 2016 zuwa 2017 suka ce kashi 23.4 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna cikin talauci, amma da aka rarraba sai ga Greater Accra kashi 2.5 kacal, Upper West kuma ya haura kashi 70. Ni ban ce ƙarya suka yi ba. Sai dai lissafin yanki guda ne aka haɗa, mai gidan bene a East Legon da yarinya kayayo mai dakon kaya da take kwana a bakin shago duk Ankara ɗaya ce a takarda. Aikinki ƙarami ne amma nan amfaninshi yake, ke zaki shiga lungun da babban lissafi ya wuce ta samanshi.

Sanda nake koyarwa akwai abun da nake yawan faɗa ma 'yan ajina, nasan kema an koya muku. Wani Bajamushe Ernst Engel tun 1857 ya duba lissafin gidajen ma'aikata a Beljiyam ya gano cewa duk yadda gida ya fi talauci, haka kason abinci yake cinye mafi yawan kuɗinshi. Ba wai talaka ya fi mai kuɗi ci bane, a'a, abun da ke hannun ne kaɗan sai ciki ya kwashe. A kwandon da gwamnati take auna tsadar kaya a ƙasar nan abinci kaɗai ya haura kashi 40, wannan kuma na kowa da kowa ne, na gidan talaka ya fi haka nesa. Shiyasa a Disamban 2022 da tsadar kaya ta ƙaru da kashi 54.1 cikin ɗari a shekara ɗaya ba kowa ya ji ta iri ɗaya ba. Wani ya fasa canza mota ne kawai. A layinmu kuwa na gani da idona, nama ne ya fara barin miya, sai kifi ya koma rabi, wadda take auno olonka, babban ma'auni, na shinkafa ta koma gwangwani gwangwani, mai kuma a ƙulle a leda na sidi biyu na sidi uku. Kuma abun da yake ci min rai, mai sayen ƙulli ƙulli shi ya fi biya da tsada in aka tara na wata, mai hali ya sayi galan da buhu a kasuwar Kejetia ya huta. Ruwa ma haka, wanda bashi da famfo a gida bokiti bokiti yake saye, ga fiya wota na sha, ga kuɗin bayan gida da na wanka a gidan haya kowa da kanshi safe da yamma. Dan Allah ki sa waɗannan a takardarki. Kar ki tsaya a nawa aka kashe ma abinci, ki tambayi me aka ci, sau nawa aka ɗora tukunya, wa ya fara ci wa ya ci saura. Gida biyu zasu iya kashe kuɗi ɗaya amma ɗaya yaranshi sun ga ƙwai a satin ɗayan gari da suga suka sha.

Sannan ki san wa kike tambaya. Maigida zai ce miki ina bada kaza na cefane kullum, kuma gaskiyarshi ya faɗa, abun da bai sani ba shine kuɗin tun azahar suka ƙare, matar ce ta cika daga cinikin waakye ɗinta ko ta ɗauko a kuɗin susu, wato adashi, ko ta ci bashi wajen mai kanti, kuma ba zata taɓa faɗa a gabanshi ba don kar ta kunyata shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ki nemi matar ita kaɗai, ba gaban miji ba, ba gaban kishiya ko uwar miji ba, ki bari sai ta sauke girki hankalinta ya kwanta. In ta kama ki zauna a kujera 'yar tsugune kina taya ta gyaran alayyahu to ki zauna. Shi ma maigidan ki bashi girmanshi, ki gaishe shi ki nemi izini kafin komai, akwai kuɗin da shi kaɗai ya sani, na wuta, na makarantar yara, da wanda yake tura ma tsohuwarshi ta MoMo a waya duk wata ba tare da kowa ya ji ba.

Akwai kuma manyan kuɗin da in kika tambayi na sati ɗaya ba zaki gansu ba sam, alhali su ne suke karya gida. Na farkonsu haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kar mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba, amma wa yake bi? Shekara biyu ake cewa ka ajiye ko ka kwashe kayanka, mutum ya yi wata da watanni yana tsuke bakin yaranshi yana tarawa. Sakandare kyauta ce tun 2017 alhamdulillah ta taimaki mutane da yawa, amma ranar da yaro zai tafi ga katifa ga akwati ga kayan shayi ga kuɗin mota, uwa ce ta san me ta sayar. Ga azumi, ga ragon layya, ga ciwo in ya zo tsakar dare a tarar katin inshorar lafiya na NHIS ya mutu ba a sabunta ba.

Sai maganar suna da aure da adua ta mamaci, nan ne nake tsoron 'yan boko irinku. Zaki ga mace tana kukan babu amma ta kai gudummawa gidan biki, sai ki rubuta almubazzaranci. Ki yi a hankali. Wannan sidi ashirin ɗin da ta kai ajiya ce ta yi, ranar da nata ya same ta, haihuwa ko rasuwa ko gobara, waɗannan matan ne zasu cika mata tsakar gida da kwano da kuɗi tun kafin wani ofis ya buɗe. Wanda bashi da banki bashi da fansho mutane ne dukiyarshi. Amma ba zan rufe miki ba, yayi kam ya wuce gona da iri, kowane biki da atamfarshi, wani ma kala biyu kala uku, mace ta ci bashi ta ɗinka abun da sau ɗaya zata saka don kar a ce bata yi ba. Wannan ba zumunci bane, tsoron bakin mutane ne, kuma na sha faɗa a taron mata ko an ji haushina. Ki raba su gida biyu a rubutunki, gudummawa daban yayi daban.

Kar ki yi ma kowa alkawari. Da sun ga takarda wasu zasu zata rijistar LEAP ce, tallafin kuɗin da gwamnati take ba marasa ƙarfi, ko wata ƙungiya ce zata raba kuɗi, sai a ɓoye firij a ƙara yawan marayu. Tun a bakin ƙofa ki ce ni ɗaliba ce, ba abun da zan baku, ba kuma sunan wanda zai fito. Kuma ki cika wannan maganar, ko ni kar ki zo kina bani labarin gidan wane, zango ƙarami ne, Nima da Aboabo ta nan Kumasi duk dangi ne, magana bata kwana. Ki sa mayafinki, wayar nan mai tsada ki bar ta cikin jaka, in an baki abinci ki sa hannu ko loma biyu ne. In kika tarar da gidan da abun ya yi tsanani har zuciyarki ta karye, ki gama aikinki tukun, daga baya ki koma a matsayin 'yar musulmi ki yi abun da Allah ya hore miki a ɓoye.

Ke ma kuma ina so ki gwada a kanki kafin ki fita. Wata ɗaya ki rubuta duk pesuwa da ta fita hannunki, data, kuɗin motar trotro, Bolt ɗin da kike hawa in kin makara, abincin waje, kitso, har wanda kike tura ma ƙawaye. Ba don ina zarginki ba. So nake ki ji yadda tambayar take da nauyi in kai ake ma ita, kuma aure na tafe, gara ki san hannunki tun yanzu kafin a haɗa miki da na wani.

Na bada yaji da kuka da ɗan man shanu a kawo miki ranar Asabar, yayanki zai turo miki lambar direban, ki je tasha da wuri kar ki bar mutum yana jira. Ki duba katin NHIS ɗinki in ya kusa mutuwa ki danna *929# ki sabunta. Takardar tambayoyin kuma ki turo min ta WhatsApp kafin ki kai ma malaminki, ni zan fara amsawa, duk tambayar da na ji ba zan iya amsa ma baƙuwa ba zan sa miki alama mu gyara ta tare. Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙe sallah a kan lokaci ko kina cikin yawon aikin. Allah ya yi miki albarka ya tsare min ke.

Mmanki,
Asawase, Kumasi